Dandali, Majigi da Sauran Kalmomin da Suka Rasa Mazauninsu

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato wuraren hira da shaƙatawa na Kano ta da. Na tsince su na haɗa wuri guda. Masu tambaya a kan sunayen tsuntsaye su ƙara haƙuri.

Wata ɗaliba daga Zariya: Malam, ni "dandalin sada zumunta" na taso ina ji. Kakata ta ce ba ma'anar dandali ke nan ba. Wa ke da gaskiya?

'Yata, kakarki ce da gaskiya, ki gaishe ta. Dandali fili ne a tsakiyar unguwa ko gari, inda yara da samari da 'yan mata ke haɗuwa bayan sallar isha, musamman a daren farin wata. Ba shi da ƙofa, ba shi da mai shi, ba a biyan kuɗin shiga. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, ɗaya ta saki jiki ta faɗa baya, saura su tare ta su cilla ta sama, ana tafi ana waƙa. Can gefe samari na langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar. Masu talla sun jera farantansu, kowace da 'yar fitilarta aci-balbal: gyaɗa, dafaffen rogo, rake, alewa. Ranar da aka yi sa'a mai kalangu ya zo, to ranar sai iyaye sun fito da kansu sun kora yara gida.

A unguwarmu akwai wata tsamiya a bakin dandalin, wadda ƙananan yara ba sa wucewa ta ƙarƙashinta in dare ya yi nisa, sai da gudu. Bara na bi ta wurin, shaguna ne jere da mai cajin waya. Na tambayi wani saurayi ina tsamiyar, ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar Masar.

Ba na ƙin aron kalmar a kai ta intanet. Wanda ya fara cewa "dandalin sada zumunta" ya yi tunani, domin can ma taruwa ake yi, kowa da abin da ya kawo shi, da mai wasa da mai talla da mai neman faɗa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan jarida suka mayar da kalmar jakar magori. Taron ƙara wa juna sani dandali, jam'iyya dandali, shirin rediyo na mutum biyu a ɗaki mai sanyi dandali. Har na ji mai karanta labarai ya ce shugabanni sun gana "a dandalin tattalin arziki". Shugabannin nan gaɗa suka yi ko langa? Muna da taro, muna da zaure, muna da majalisa, muna da mahaɗa, muna da fage, kowace da inda ta dace. Fage wurin gwada ƙwanji ne, shi ya sa ake cewa fagen fama, fagen dambe. Zaure wurin manya ne da baƙi. Dandali kuwa na yara ne da matasa, kuma na dare ne. Dattijon da aka gani yana zarya a dandali, washegari sai an yi da shi.

Abin da ya kashe shi ba abu ɗaya ba ne. Filayen an yanka an gina, mota da babur sun shigo lungu, makarantun Islamiyya na dare sun ɗauke yara, sannan talabijin ta zo. Lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV a farkon shekarun 1980, yaran da a da ke dandali sun koma leƙen tagar mai akwatin talabijin, ana korar su suna dawowa.

Wani daga Maraɗi: mene ne bambancin kango da kufai?

Kango gini ne da bangonsa ke tsaye amma babu kowa a ciki. Kufai wurin da gari ko gida ya taɓa zama ne, aka tashi aka bar shi, sai tudun ƙasa da fasassun tukwane. A kango jemage ke kwana, kufai kuwa noma shi ake yi.

Wani matashi daga Fagge: majigi da silima abu ɗaya ne? Kuma "silima" ne daidai ko "sinima"?

Na biyun tukuna, don ya fi sauƙi. Duka biyun Hausa ce. Bakin Bahaushe yakan juya "n" ta aro ta koma "l", shi ya sa "number" ta Turanci ta zama lamba. Wanda ya ce silima bai yi kuskure ba, kuma masu yi masa dariya su fara gyara tasu lambar.

Majigi daban, silima daban. Majigi na gwamnati ne, kyauta ne, shi ke zuwa ya same ka. Mota ce ke isowa da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, in duhu ya yi a haska. Abin da ake nunawa na wayar da kai ne: tsabta, rigakafi, noman gyaɗa da auduga, ziyarar manya, ga mai bayani da lasifika yana fassarawa yana ƙara gishiri. Sunan ya samo asali ne daga yadda Turawa ke kiran fitilar haska hotuna ta farko, wadda suke dangantawa da sihiri. Mutanenmu ma sun yi masa nasu sunan, dodon bango, wanda a ganina ya fi na aron daɗi da nisa, kuma abin takaici ne da ya ɓace.

Silima kuwa kai ke zuwa, da kuɗinka, kuma ba da sanin mahaifinka ba. Rex tana cikin na farko a Kano, tun 1937. Daga baya aka sami su Palace, Plaza, Orion, Eldorado, Queens, Marhaba. Yawancinsu katanga ce doguwa ba rufi, sai ɗan wurin masu tikiti mai tsada, saboda haka ba a farawa sai rana ta faɗi, in kuma hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. A ƙofa ga mai tsire, ga mai gurasa, ga mai rake, ga masu gadin kekuna. Fim ɗin Indiya shi ne sarki, sai na kaboyi da na 'yan Cana masu faɗa. Yaro bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, amma zai rera maka waƙar daga farko har ƙarshe. A can aka haifi "akta" da "bos", har aka sami zancen nan na cewa akta ba ya mutuwa, wanda yau ake faɗa wa duk wanda ya tsallake rijiya da baya.

Sai dai kada ɗana ya ɗauka abin alfahari ne a lokacin. A ce da kai "ɗan silima" zagi ne, yana iya hana ka aure. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum sama da 300 suka rasu, kuma mutanen gari da yawa sun ɗauki abin a matsayin ishara. Ana cikin wannan juyayi ne aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, malamai na ta suka. Ita ce daga baya aka mayar asibiti. Sauran kuma bidiyo ya fara kwashe musu 'yan kallo, bayan an ƙaddamar da shari'a a 2000 aka ƙara matsa musu, ƙasa ta yi tsada, yawancinsu suka koma kantuna da ɗakunan ajiya.

Yanzu ina jin ana kiran na'urar haska rubutu a ɗakin taro da majigi. Wannan aron na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Wani ɗan kasuwa daga Kumasi: "Wapa" Hausa ce? Na ɗauka ma'anarta canjin kuɗi.

Alhaji, ba Hausa ba ce, kuma ba ta da alaƙa da kuɗi. Sunan gidan silima ne a Fagge. 'Yan canji suka yi sansani a kewayensa, silimar ta mutu, sunan ya zauna a kansu. Haka Bata, kantin takalma ne, haka Singa, daga kamfanin keken ɗinki. Kano ta iya wannan: ta cinye wuri ta ajiye sunansa.

Wani dattijo daga Gwale: duk lokacin da na fara ba da labarin da, sai ɗana ya ce "kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba". Haka ake amfani da ita?

Yaya, ma'anar ya faɗa daidai, wurin faɗar ne ya kuskure. Karin maganar ta manoma ce a asali. Wanda rumbunsa ya cika bana ba ya zancen damunar bara. Ana faɗar ta ga mai ƙorafi, wanda ke yabon jiya don ya kushe yau, ko kuma mutum ya faɗe ta a kan kansa yana nuna halin da ya shiga. Ba sanda ba ce ta rufe bakin uba. In ya sake, ka ce masa tuna baya shi ne roƙo: maroƙi ba ya samun kyauta sai ya tuno wa mutum iyaye da kakanni. Ka ƙara masa da cewa da tsohuwar zuma ake magani. In duk bai ji ba, ka daina ba shi kuɗin data.

Tun da an zo nan, masu karanta labarai su riƙa ja wa "bara" ta shekara wasalinta na farko. Na gaji da jin an ce an yi ambaliya a bara, da lafazin barar almajirai.

Wata malamar makaranta daga Katsina: "zamani riga ne" ko "zamani riga ce"?

Malama, zamani riga. Karin magana ba ta son kaya mai yawa.

Wani daga Kaduna: me ya sa ake kiran zaman bakin titi "majalisa", alhali majalisa ta 'yan doka ce?

Ka juya abin. Kalmar daga Larabci take, daga tushen da ke nufin zama, don haka duk inda aka saba zama majalisa ce. Ta sarki da fadawansa ta riga ta Abuja, ta dakalin ƙofar gida ma haka. Kowace majalisar unguwa tana da ƙa'idarta ba a rubuce ba: wa ke zama a kan benci, wa ke tabarma, wa ake aika sayo goro, wa ke da rediyon da ake kamo London da ita. Teburin mai shayi reshenta ne, sai dai can baƙo ma yana da bakin magana muddin ya sayi kofi ɗaya, ko da ba kauri. Ita kam ba ta mutu ba, kan kowa ne dai ya sunkuya a waya.

Ka kuma tambaya ko ita ce "zaman kashe wando". A'a. Wanda ya dawo daga kasuwa ya zauna bayan magariba, hira yake yi. Wanda hantsi ya same shi a kan bencin, azahar ta same shi, shi ne wandonsa ke cinyewa ta baya.