Jinin ya tsaya, dole ne sai an leƙa mafitsarar Baba?

Tambaya: Likita, mahaifina mai shekara 62, manomin rani, ya yi fitsarin jini sau biyu ba tare da zafi ba, daga baya ya ɗauke. An ce za a zura masa na'ura ta gaba a duba mafitsara, ya ƙi, wai tana kashe mazakuta. Tunda ya tsaya, mu ƙyale?

Amsa: Kada ku ƙyale. Na'urar mai lanƙwasa ce, kaurinta wajen milimita 5. Ana fara gwada fitsari ko akwai ƙwayoyin cuta, a matsa man kashe zafi na lidoken cikin hanyar fitsari, a jira ƴan mintuna, sannan a zura ta a hankali ana ɗura ruwan gishiri don bangon mafitsara ya buɗe a gani. Minti 5 zuwa 10 an gama, yana farke. Idan za a gutsuro nama a kai gwaji, galibi da na'ura mai tauri marar lanƙwasa ake yi, bayan allurar kashe zafi ta baya. Jijiyoyin mazakuta ba a wannan hanyar suke ba, na'urar ba ta taɓa su.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "ya tsaya". Haka ƙari, wato tsiron daji, na mafitsara yake: ya zubar da jini yau, ya yi shiru wata uku yana girma. Rashin zafin ma ba alheri ba ne, tsakuwa da ciwon sanyi su ne suka fi zuwa da zafi. Kullum sai an ce "ai tsargiya ce", a tafi kemis, ko wajen mai mota da lasifika a kasuwa ya sayar da jarkar jiƙo. Jini ya ɗauke da kansa, mai jiƙo ya sha yabo! To ko tsargiyar ce, ƙwayayenta da suka daɗe a bangon mafitsara kan jawo daji, kuma wanda ya shekara da shekaru cikin ruwan fadama yana cikin haɗarin. Firazikwantel, maganin tsargiya, tsutsa yake kashewa, ba ya narkar da ƙari. Hoton ciki na sikanin kuma yakan tsallake ƙaramin tsiro ko wanda ya kwanta a bango.

Bayan gwajin zai ji raɗaɗi da ɗan jan fitsari kwana ɗaya ko biyu, ya sha ruwa kamar lita 2 a rana. Zazzaɓi, gudajin jini, ko fitsari ya ƙi fita, ku mayar da shi asibiti a ranar.