Tarihin karatu da aikin John Mbiti

Ɗan'uwa, ka ce shekarun aikin Mbiti, masanin tauhidin Kirista da addinan gargajiyar Afirka, sun cakuɗe maka a rubutun digirinka.

An haife shi a Kenya a 1931. Ya kammala digirin digirgir a Cambridge a 1963, aka naɗa shi limamin cocin Angilika a Ingila. Ya koyar a Jami'ar Makerere ta Uganda daga 1964 zuwa 1974, inda ya fitar da littafinsa African Religions and Philosophy a 1969. Sannan ya shugabanci cibiyar Bossey, ta nazarin haɗin kan coci-coci, a Switzerland. Ya rasu a 2019.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe: ɗaukar ra'ayinsa cewa tunanin gargajiyar Afirka ba ya hangen lokaci mai nisa nan gaba kamar kowa ya yarda da shi. An yi ta sukar wannan. Nemi malamin tauhidi ya nuna maka martanin masana.