Tambayi Bakanike: BMW na gurnani, an ce in sayo aksul

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da BMW 325i ƙirar 2002, mai giya otomatik, na saye ta gwanjo shekara huɗu da suka wuce. Tun ƙarshen damina take yi mini gurnani daga baya, yana farawa in na kai gudun 60, yana ƙaruwa har 100. Sannan in na sa giyar baya ko na tashi daga tsaye sai in ji ƙwas a ƙarƙashina, wani lokaci har kujera ke karkarwa. Bakanikena ya canja boris na tayar baya ta hagu, ya canja shokazoba, duk kanwar ja ce. Yanzu ya ce aksul ne, in kawo kuɗi a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo ɗan Beljiyam. Ni kuwa ɗan albashi ne. In saya?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mayar da kuɗin nan aljihu tukuna. Sau biyu na karanta wasiƙarka, abin da na gani shi ne ciwo biyu ke damun motarka, bakanikenka kuma yana nema musu magani ɗaya. Gurnanin da ke bin gudu daban, ƙwas ɗin tashi daban.

Motarka ita ce wadda muke kira E46, an ƙera mai ƙofa huɗu daga 1998 zuwa 2005. Tayoyin baya ke tura ta, saɓanin Accord da Golf da suka cika mana gareji, waɗanda na gaba ke ja. Shi ya sa yaron da ya koyi aiki a kan Honda yakan rikice in ya shiga ƙarƙashinta. Ƙarfi na fitowa daga giyabos, ya bi ta wani faifan roba mai noti shida, ya shiga farfela, dogon ƙarfen da ke juyawa yana kai ƙarfin baya. Farfelar gida biyu ce, a tsakiyarta akwai boris cikin zoben roba da aka ɗaure a ƙasan motar, shi ne senta boris. Daga nan sai aksul, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfin gida biyu, sai shaf biyu zuwa tayoyi. Kowace gaɓa da irin kukanta.

Mu fara da ƙwas, don shi ne mai sauƙi. Mota ta haura shekara ashirin, ga zafin ƙasarmu, ga ɗan man da ke tsatsowa daga giyabos yana jiƙa robar. Ku hau rami, ka shiga da kanka da tocila, kada ka tsaya a inuwa kana jiran labari. Dubi faifan nan: in ya tsattsage a gefen notuka ko zare ya fito, ya gama yawo. Sai ka kama farfela kusa da tsakiya ka girgiza. Lafiyayyen senta boris ba ya barin ta ta yi lilo. Karkarwar kujerar da ka ambata, in tana zuwa ne lokacin tashi, tsakanin gudun 20 da 40, ta ɓace in mota ta miƙa, to kusan in rantse maka shi ne. Na uku, bushin roba da ke riƙe da aksul: biyu a gaba, babba ɗaya a baya. A sa liba a ɗan ɗaga aksul ɗin, in na bayan ya yage za ka gani da idonka.

Wajen canjin faifan da senta boris ne ake yin ɓarna, don haka bari in daɗe a nan. Sai an sauke salansa da farantin da ke kare zafi kafin a kai ga farfela. Kafin a raba ta biyu, a sa fenti a yi alama a mahaɗar da kuma bakin aksul, domin tun daga masana'anta aka daidaita nauyinta a haɗe. In aka mayar da ita a karkace ko da haƙori ɗaya ne, ka sayi sabuwar karkarwa da kuɗinka, wadda za ta zo a babban gudu. Faifan roba yana da 'yan kibiyoyi a gefe, kowace kibiya ta nuna kunnen ƙarfen da notinta zai kama. Notukan kuma masu kulle kansu ne, sababbi ake sawa. Faifan da senta boris a canja su rana ɗaya, tunda wahalar kwancewar ɗaya ce. Kuma don Allah roba ba a sayen ta gwanjo. Ƙarfe ɗan Beljiyam na yarda da shi, amma robar da ta tsufa a Turai tsohuwa ce a Kano ma.

Yanzu gurnani. Ba a gano shi a gareji, a kan titi ake kama shi. Nemi shimfiɗaɗɗen titi da sassafe, kashe rediyo da iyakwandishan, sa wani a kujerar baya ya saurara. Kai gudun da kukan ya fi tashi, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sake takawa. Aksul yana bin ƙafarka: ya yi kuwwa siririya in ka taka, ya yi shiru ko ya canja murya in ka saki. Kukan da bai damu da totur ba, gudu kawai yake bi, galibi ba na aksul ba ne. Sai ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali, inda babu mota. In kuka ya ƙaru da ka karkata hagu, nauyi ya koma dama ke nan, boris na dama ne ke kuka. Ka ce na hagu aka canja maka. Wa ya gwada ya ce na hagu ne? Ƙara a cikin mota maƙaryaciya ce, ta taso daga dama kunne ya ji ta a hagu.

In sitiyari ma bai canja komai ba, durƙusa ka shafa tayoyin baya da tafin hannu, musamman gefen ciki. Motocin nan tayoyinsu na baya a ɗan kwance suke ta sama, gefen ciki ke fara cinyewa, in bushin da ke riƙe da ƙafar tayar ya saki sai ya cinye hawa-hawa kamar bakin zarto. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini irin taka a Kaduna, aksul biyu ya saya kafin ya zo, na farkon yana but ɗinsa a nannaɗe cikin buhu. Na sa yara suka mayar da tayoyin baya gaba, muka fita, gurnani ya dawo ƙarƙashin ƙafarsa. Bai ce uffan ba har muka koma gareji. Wannan gwajin kyauta ne, in tayoyin huɗu girmansu ɗaya.

To in kuwa ya tabbata kukan na bin totur? A fara da man aksul. A buɗe notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a tsiyaye sannan na sama ya ƙi kwancewa. Kusan lita ɗaya yake ci, man giya mai lamba 75W-90. In tsohon man ya fito yana walƙiya da garin ƙarfe, shi ke nan, bakanikenka ya yi gaskiya, ka ba shi haƙuri a madadina. Amma a kasuwa kada a ɗauko kowane aksul don kawai ya shiga. Lissafin haƙoransu ya bambanta: na 325i otomatik daban, na mai giyar hannu daban. In aka sa maka na biyun, mota za ta yi nauyin tashi ka koma zargin inji. A duba lambar da ke jikin naka a sayo irinta.

Abu ɗaya kuma tunda kuna ƙarƙashi. E46 an san ta da tsagewar bodi a inda gadon aksul ke ɗaure, galibi ta hagu ta baya. A goge ƙura a haska wurin. In akwai tsaga, ita ma ƙwas take yi, kuma ba aikin mai walda na bakin titi ba ne: sai an sauke gadon an ƙara faranti, ga tankin mai nan kusa.

TAMBAYA: Malam, aksul ɗin tsohuwar Marsandi C280 tawa yana kuwwa. An ce in cika shi da giris zai yi shiru. Haka ne?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Zai yi shiru na 'yan kwanaki, Malam. Haƙoran aksul watsa mai suke yi ya kai ga boris, giris kuwa ba ya watsuwa, gefe yake komawa ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Dabarar dillalai ce ta ranar sayar da mota. Zuba masa man giya na gaskiya, a duba roban bakin shaf ko tana yoyo, in kuwwar ba ta ragu ba a buɗe shi.