Lauya da Karensa: Wace Kotu Zan Kai Su?

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ji ana ba da labarin littattafan Amurka na barkwanci, inda lauyan wanda ake tuhuma yake da kare, su biyu suna tono gaskiyar laifi. Ina so in rubuta irinsa da Hausa, amma abokaina sun ce mutanenmu ba za su karanta ba. Yaya ka gani?

Amsa: Ɗana, za su karanta, muddin ba ka kwaso Amurka ka girke ta a Ringim ba.

Fara da kotu. A can, mutum goma sha biyu ake ɗebowa daga cikin gari su yanke ko mutum ya yi laifi, shi ya sa lauyansu yake ta wasan kwaikwayo a gabansu. Mu nan alƙali shi kaɗai ne wuƙa da nama. Satar rago ko sa takan je kotun majistare, inda ɗan sanda ke gabatar da ƙara, ko kotun shari'ar Musulunci, wadda Kano da Jigawa suka faɗaɗa hurumin ta a 2000. Kisan kai kuwa galibi sai babbar kotun jiha, kuma can ne lauya ke sa baƙar alkyabba da farar hular nan. Kada in ga ka ɗora masa ita a gaban majistare. Makaminsa shi ne sashe na 36 na tsarin mulkin 1999: mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar.

Sai karen, wanda nan ne abokanka suke da 'yar gaskiya. Lauya Bahaushe da kare kwance a kan kujerar falonsa, babu mai yarda. Malamanmu sun halatta ajiye kare don farauta, kiwo da gadin gona, kuma kowane yaro ya san in ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai. To ka bar karen ga mai shi. Ni da ni ne, sai in sa a zargi maharbi da sace rago ranar Alhamis, kan hanyar kasuwar Maigatari, a tsare shi, karensa kuma ya ƙi barin ƙofar ofishin lauyan. Lauyan ɗan birni, ga tsoron kare, ga fararen kaya, ga sallar azahar ta matso. Wa zai ciyar da dabbar? Akawunsa ya rantse ba shi ba. Maƙwabta sun fara kiran wurin ofishin mai kare. Babi uku ke nan ba ka sha wahala ba.

Abu ɗaya zan hana ka: kada karen ya ba da shaida. Kotu ba ta sauraron haushi. Aikinsa ya ja lauya zuwa gidan da fatar ragon take shanye a bayan rumbu. Daga nan sai a nemo mahauci ko dillalin da ya ga cinikin, a yi masa tambayoyi har ya tuɓure. Ka ɓoye wannan dillalin tun babin farko, yana ta yi wa maharbin jaje.

Kafin ka sa biro a takarda, je ka zauna a bencin baya na kotun da ke kusa da ku, ka saurari yadda ake musun akuya. In ka gama babi na ɗaya, aiko mini.