Tambaya da Amsa: Zan iya yin shafin intanet na ɗinkina da manhajar Notion?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ina ɗinkin kayan mata da na yara, kuma a Notion nake ajiye awon kwastomomina da lissafin bashin da nake bi. Ƙanina ya ce wai da shi ɗin zan iya haɗa shafin intanet in zuba hotunan ɗinkina ba sai na biya kowa ba, da gaske ne ko kawai surutun yaran zamani ne? Daga wata mai ɗinki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙaninki gaskiyarsa, yana yiwuwa kuma kyauta. Notion ɗin nan, wato manhajar rubutu da ajiye bayanai, na wani kamfani ne a San Francisco ta Amurka, ya fito tun 2016, a 2024 kuma suka ƙara masa abin da suka kira Notion Sites. Duk shafin da kika rubuta in kika danna Share sannan Publish to ya hau intanet kenan, za su ba ki adireshi mai ƙarewa da notion.site, duk wanda kika turawa zai buɗe ko ba shi da manhajar.

Amma kafin komai bari in ja kunnenki kan abin da ya fi tsaya min a tambayarki, wato awon mutane da bashi. In kika wallafa shafi, duk ƙananan shafukan da ke cikinsa su ma sun fita duniya, to ki duba kar a wayi gari awon matar wani ko sunan wadda ta ci bashin leshi tun kafin Sallah yana yawo a gurup ɗin unguwa, wallahi wannan rigimar ba ta da daɗi. Ki buɗe sabon shafi daban can gefe wanda ba ya ƙarƙashin komai kuma babu komai na sirri a ƙarƙashinsa. In kin gama ki karɓi wayar ƙanin naki ki buɗe adireshin, ki danna ko'ina, abin da kika gani shi baƙo zai gani.

Tsarin kuwa kar ki cika shi da tarkace. A can sama hoto ɗaya mai kyau na ɗinkinki, sai sunan shago, sai layi ɗaya da ke cewa me kike ɗinkawa kuma a ina kike, nan take kuma hanyar WhatsApp ɗinki ta biyo baya, kar ki ɓoye ta a ƙasa dan mutane ba sa haƙurin gangarawa. Ana rubuta wa.me/234 sai lambarki ba tare da sifilin farko ba, mutum yana dannawa ya faɗo hira da ke.

Hotunan kuma ki rubuta /gallery zai ba ki katuna a jere, kowane kati ɗinki ɗaya, doguwar riga, riga da siket, bubu, ki sa farashi da kwana nawa kike ɗauka. Ni dai a ganina ki sa farashin, masu cewa "zo ta inbox" korar kwastoma kawai suke yi. A ƙasa ki sa /toggle, wato layin da sai an danna shi abin da ke ƙarƙashinsa yake buɗewa, dan tambayoyin da kika gaji da amsawa, irin su nawa ne kafin alƙalami da yadda ake aika kaya wani gari.

Abu biyu da ke ba sabbin shiga haushi. Na farko a kwamfuta za ki iya raba shafi gida biyu ko uku gefe da gefe ya yi kyau, amma a waya duk sai su koma layi ɗaya, na hagu a sama, kuma ai kusan duk kwastomominki da waya za su buɗe, dan haka abin da ya fi muhimmanci ki sa shi a hagu. Na biyu tsarin kyauta ba ya karɓar fayil da ya wuce 5MB, dama manyan hotuna data suke ci kuma in netwok ba ƙarfi shafin jan ƙafa yake. Ki tura wa kanki hoton ta WhatsApp ki sake sauke shi, zai rage nauyi.

Sa adireshi da sunan shagonki zalla ba tare da notion.site ba kuma wannan na kuɗi ne, duk wata kuma da dala, ban ba ki shawarar ki fara da shi ba. Sannan ki sani ba a biyan kuɗin kaya a cikin shafin, nunawa kawai yake, ciniki da turo kuɗi suna nan a WhatsApp yadda kika saba. Ki fara da ɗinki goma da kika fi alfahari da su, ki ɗauke su da hasken rana, ki sa adireshin a status ki ga me mutane za su ce.