Yadda sinadarin kalsiyam ke sanar da tsiro cewa cuta ta iso

Ka tambaya yadda tsiro ke gane cuta ta shige shi alhali ba shi da jijiyar ji irin ta dabba ko jini. Babban sirrin yana ga kalsiyam. A cikin ruwan ƙwayar halittar tsiro kalsiyam kaɗan ne ƙwarai, a wajenta kuwa ya ninka hakan kusan sau 10,000. Don haka da zarar an buɗe masa kafa a fatar ƙwayar, sai ya kwararo ciki cikin daƙiƙoƙi. Wannan kwararar ita ce ƙararrawar.

Misali, a tsiron Arabidopsis akwai mai gadi a fatar ƙwaya, FLS2, da ke gane furotin ɗin wutsiyar bakteriya. FLS2 ke tayar da wani furotin mai suna BIK1, BIK1 kuma ya buɗe kafofin shigar kalsiyam masu suna CNGC2 da CNGC4. A ƙananan ƙofofin numfashi na ganye wata kafar kalsiyam mai suna OSCA1.3 ke buɗewa, ƙofofin su rufe, bakteriya ta rasa mashiga. Kalsiyam ɗin kuma yana kunna wani furotin, RBOHD, mai fitar da sinadaran iskar oksijin masu ƙuna.

Wanda ya fi burge ni shi ne wani furotin mai suna ZAR1. Idan cuta ta tsallake shingen farko, furotin ɗin nan guda 5 kan haɗu su huda fatar, su zama kafar kalsiyam da kansu, kamar yadda aka nuna a 2021. Ƙwayar sai ta mutu, cutar ta maƙale a wurin. Ɗigon bushewar da kake gani a wani ganyen, wani lokaci tsiron ne ya yi da gangan.