Shin fim ɗin masu shan jini zai iya lalata ƙanena?

Tambaya: Malam, ƙanena ɗalibin jami'a ne, ya kamu da son wani fim mai suna Only Lovers Left Alive, yana ta maimaita kallonsa cikin dare. Ya daina fita, ya rage magana. Wata maƙwabciyarmu ta ce irin waɗannan finafinai ƙofar maita ce, a kai shi wurin mai magani. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Amsa: Malama, Allah ya kwantar miki da hankali. Fim ɗin na darakta Jim Jarmusch ne, an fara nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2013, kuma wanda ya zauna jiran ihu da kashe-kashe barci zai ɗauke shi tun kafin a kai rabi. Adam, wanda Tom Hiddleston ya fito a matsayinsa, makaɗi ne mai shan jini da ya shafe ɗaruruwan shekaru a duniya har ya gaji da 'yan Adam, ya ɓuya a wani tsohon gida a birnin Detroit na Amurka, matarsa Eve, wato Tilda Swinton, kuwa tana Tanja ta Maroko cikin littattafanta. Jinin ma Adam sayensa yake yi a asirce a hannun wani likita. Ba a banza aka zaɓi Detroit ba, domin birnin da ya tara mutum kusan miliyan 1.8 a 1950 ya koma kimanin 700,000 a lokacin da aka yi fim ɗin, har gidan wasan Michigan mai ƙayatarwa ya zama wurin ajiye motoci, kuma Adam ya kai Eve ta gani da idonta.

Maganar maƙwabciyarku ita ce ta fi damuna, domin kullum sai na ci karo da irinta daga bakin waɗanda ba su kalli ko minti biyar na fim ɗin da suke yanke wa hukunci ba. Masu shan jinin nan daga tatsuniyoyin gabashin Turai aka ɗauko su, marubuta suka mayar da su hanyar tattauna tsufa da kaɗaici, babu abin da ya haɗa su da kamun kurwa. Kalmar maita kuwa ba abin wasa ba ce, saboda da ita aka sha dukan bayin Allah, aka kori tsofaffi daga garuruwansu, wasu ma aka kashe su. Idan ta manne wa yaro a unguwa, har batun aurensa sai ta taɓa. Mai maganin kuma zai karɓi kuɗinku, ya turara masa hayaƙi, wataƙila ya ɗaure shi da mari, ya dawo muku da shi a firgice, alhali ba a taɓa ainihin ciwon ba.

Abin lura a fim ɗin shi ne harsashin katako da Adam ya sa aka ƙera masa domin ya kashe kansa. Eve ta gano shi, ta yi masa faɗa cewa yana ɓata rayuwar da ya kamata ta tafi a kan zumunci da kyautatawa, sannan ta ja shi suka yi rawa. A ganina Jarmusch yana bayan Eve ne, amma matashin da ke cikin ƙunci Adam kaɗai yake ji.

Ki zauna ki kalla tare da shi, ki tambaye shi abin da yake gani a Adam. Idan ya rage cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ko yana ambaton mutuwa, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a wannan makon, kuma kada maƙwabciyar ta san ranar tafiyarku.